Likita, Ciwon Muƙamuƙi Na Neman Haɗa Ni Da Dangin Miji

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Ƙarfe biyu na dare nake rubuta miki wannan, barci ya ƙi zuwa, hannuna ɗaya dafe da tawul mai ɗumi a kuncina na dama. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekaranjiya aka yi sunan ɗan ƙanwar maigidana. Tun asuba nake gidan, ni ce gindin murhu, ni ce wanke-wanke, babu wanda ya ce mini sannu. Bayan azahar Hajiya, wato mahaifiyar maigidan, ta miƙo mini soyayyen naman rago a gaban mutane. Wallahi hannu biyu na sa na karɓa. Cizo ɗaya na yi, sai na ji ƙas a gaban kunnena, baki ya sage, ba ya buɗuwa, ba ya rufuwa daidai, hawaye suka zubo da kansu. Na ajiye naman a gefen faranti. Iyakar laifina ke nan. Sai ta ɗaga murya ta ce dama an daɗe da lura ina ƙyamar abincin gidansu, wai ina zargin za a barbaɗa mini wani abu. Ƙannensa mata suka haɗa ido suna murmushi. Dama tun da aka kawo ni ba su taɓa so na ba.

Da muka koma gida na zaci zai tambaye ni ya jiki. Abin da ya ce shi ne, wane irin ciwo ne wannan da ya san kwanan wata? Wai lokacin da nake da ciki wata tara na yi ina cin kilishi ban ce uffan ba, yau don uwarsa ce ta ba ni shi ne ciwo ya tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa game da cikin. Amma bari in koma baya.

Tun ina makaranta abin ya soma. Ƙara ce kawai idan na yi hamma, sai kuma gajiya a kumatu idan na daɗe ina tauna cingam, wanda a lokacin ba ya barin bakina. Bayan aure ya koma ciwo sosai. Yakan fara daga gaban kunne, ya hau gefen kai, ya sauko wuya. Na sha maganin kunne na ɗigawa har kala uku daga kemis. Likitan kunne ya leƙa ya ce kunnena ƙalau. Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, wata ta ce sammu ne, har rubutu na sha. Ni ce da kaina na lura cewa kwana biyu ko uku kafin al'ada abin ke tsananta, ya riƙe ni har ta kusa ɗaukewa, sannan ya lafa. Ban faɗa wa kowa ba, don wa zai yarda akwai ruwan al'ada da muƙamuƙi?

Ƙanwata da ke karatun aikin jinya ce ta ja ni wajen likitan haƙori. Ya ce in jera yatsuna uku a tsaye in sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, wai mai lafiya ukun ke shiga. Biyu ne suka shiga, su ma da ƙyar. Ya danna tsokar kumatuna, wadda ke tasowa idan mutum ya cije, saura kaɗan in tashi daga kujerar. Ya nuna mini a madubi yadda bakin haƙorana ya suɗe, ya ce ina cije su a cikin barci. Shi ya fara gaya mini cewa wannan ciwo ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma a gaɓar muƙamuƙin akwai wuraren da sinadarin estirojen na mata ke kamawa ya yi aiki. Ya ce sinadarin kan yi ƙasa gab da al'ada, a lokacin ne mata da yawa ke fin jin zafin. Da muka dawo ƙanwata ta karanta mini binciken wata masaniya mai suna Linda LeResche a Jami'ar Washington da ke Amurka, na shekarar 2003, inda mata suka riƙa rubuta zafin da suke ji kullum, aka ga yana hawa gab da al'ada ya kai ƙololuwa a kwanakin jini. A 2005 kuma suka bi masu juna biyu, aka ga ciwon na raguwa yayin da ciki ke tsufa, ya dawo bayan haihuwa. Likita, kuka na yi a ranar, don kamar labarina aka rubuta.

Na ba maigidana labari. Ya ce Turawa ba sa rasa abin faɗa.

Yadda binciken ya faɗa kuwa haka aka yi. Cikina na biyu na manta ina da wani ciwo. Kwana goma da haihuwa, ina jego, aka kawo gasasshen nama da yaji, na kasa. Kunun kanwa na riƙa sha kawai, Hajiya na cewa ni nake hana yaro nono. Ƙanwata ta ce da zarar an haihu estirojen ke faɗuwa, shayarwa kuma na riƙe shi a ƙasa. Yau wata 11 ke nan abin bai sake ni ba. Na bar cingam, na bar goro, ganda ma ban ƙara kallonta ba. Tuwo sai na kwaɓa shi da miya ya yi ruwa-ruwa. Ina ƙoƙarin barin leɓe a haɗe haƙora a rabe kamar yadda likitan ya koya mini, amma da na ji sallamar Hajiya sai in tarar na cije. Robar sawa a baki da dare da ya rubuta har yau ban yi ba, maigidan ya ce babu kuɗi, alhali a watan ya sake waya.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Haihuwar nan tiyata aka yi mini. Ma'aikaciyar jinya ta ce in huta kafin wani cikin. Na yi masa maganar tazara, ya ce za mu gani. Bai ce a'a ba, Likita, za mu gani ya ce. Na je na yi allurar wata uku, sau uku ke nan yanzu, kuma bai sani ba. Ni aka yanka, ni na san abin da na ji, ga yara biyu ƙanana, ba don son zuciya na yi ba. Tun da na fara, al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. To ƙanwata ta ce wannan allura ita ma tana rage estirojen. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Ashe ni na ja wa kaina? Ko shayarwar ce? Ko damuwar gidan nan ce ke sa ni cije haƙora? Idan na daina allurar zan iya ɗaukar ciki a kan ɗinki, idan na ci gaba ina tsoron bakin nan ya kulle wata rana ina ni kaɗai da yara. Akwai wata hanyar tazarar da ba ta taɓa wannan sinadari? Kuma in zan canza, dole sai ya raka ni asibiti, a nan kuwa asirina zai tonu, ya ce dama ni maƙaryaciya ce tun farko, ciwon ma ƙarya ne.

Yanzu ya ce ranar Juma'a in je in durƙusa in ba Hajiya haƙuri a gaban ƙannensa, in kuma ci abin da aka ba ni. Ba durƙuson ke damuna ba, uwa ce. Amma na san nama za ta sake miƙo mini don ta gwada ni. In tafi da katin asibitin in nuna mata, ko za ta ɗauka rashin kunya ce? Mahaifiyata ba ta san komai ba tukuna, hawan jini gare ta. Don Allah ki amsa mini kafin Juma'a.

Taki,
Wata baiwar Allah daga Zariya