Likita, gwiwa zan fara gyarawa ko Makka zan fara tafiya?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk masu taya ka gabatar da wannan fili. Na daɗe ina sauraronka, har jikokina sun san in lokacin shirin ya yi ba mai taɓa min rediyo. Ban taɓa rubuto maka ba sai yau, kuma ka yi haƙuri da tsawon takardar. Tsohuwar malamar makaranta ce ni, ba mu iya gajeren bayani ba.

Shekaruna 59, haihuwa bakwai, na yi shekara 35 a tsaye gaban allo a firamare kafin na yi ritaya. Gwiwar dama ce ta fara, yau kusan shekara shida. Da fari sai in na daɗe a zaune, in zan miƙe sai na dafa ƙasa, in ji tana ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Da asuba takan riƙe, amma kafin in gama alwala in ɗan zagaya tsakar gida ta sake ni, ba ta kai minti 15. Daga baya ta hagu ta bi sahu. Yanzu matakala ukun da ke ƙofar gidanmu aiki ne a wurina, saukowa ma ta fi hawa zafi. Bayan gida na tsuguno na bar shi tuni, sai da yara suka sa min na zama. Ƙafar dama kuma ta fara lanƙwashewa kamar baka, har zanina ya daina sauka daidai.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ke ci min rai salla ce. Wata 14 ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. A kan kujerar roba nake yi, da azumi kuwa in an je asham can ƙarshen sahu ake ajiye ni, kusa da takalma. Malamin Islamiyyarmu ya karanto min hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, kuma na karɓa hannu biyu. Sai dai zuciya ba ta da ƙashi. In na ga tsohuwar da ta girme ni da shekara goma ta duƙa ta taso ba ko nishi, nakan ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Ka san halinmu, kowa likita ne a kan ciwon wani. An ce sanyin ƙashi ne, na sha jiƙe-jiƙe har na manta sunayensu. Na shafa man zafi, na shafa man kaɗanya, wanzami ya yi min ƙaho sau biyu, tabon tsagar na nan. Wata ƙanwar maigida ta rantse asiri na taka a makaranta saboda an ba ni hedimasta. Mai kemis ɗin unguwa kuma ya riƙa haɗa min ƙwayoyi a leda, daga baya na gane akwai diclofenac da piroxicam a ciki, ina shan su tare safe da dare, wani lokaci ban ci komai ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, jiri ya kayar da ni a madafi, aka kwantar da ni kwana biyar aka ce gyambon ciki ne ya yi jini. Hawan jinina ma ya ƙaru. Aka hana ni waɗannan ƙwayoyin gaba ɗaya. A tsakanin nan ne wani ma'aikacin lafiya da ke bin gidaje ya riƙa yi min allura a cikin gwiwar. Sau huɗu ya yi min a shekara guda. Gaskiya tana aiki, sati uku ko huɗu ina tafiya kamar budurwa, sannan ciwon ya dawo inda yake.

Bara ne babban ɗana ya kai ni asibitin ƙashi na Dala a Kano. Aka ɗauki hoton gwiwoyin ina tsaye. Likitan, Allah ya saka masa, ya ɗaga hoton ya nuna min. A ta hagu akwai 'yar rata tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, a ta dama kuwa ta ɓangaren ciki ƙasusuwan sun kusa haɗewa, gefunansu sun yi tsiro kamar ƙaya. Ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na zaizayewar guringuntsi, ta dama mataki na 4, wato na ƙarshe, ta hagu na 2.

Autata tana karatun gashin ƙashi a jami'a, ita ce ta zaunar da ni ta warware min. Ranar muna cin ƙafar saniya, ta ɗauko gaɓa ta nuna min farin abin nan mai sheƙi da santsi da ke kan ƙashi, wanda yara ke rububin gwaguya. Ta ce, Umma, irinsa ne a gwiwarki, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Wai babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, babu kuma jijiyar da ke jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kamar soso: in an taka ya matse, in an ɗaga ya tsotsa. Shi ya sa in fata ta yanke takan haɗe, shi kuwa in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Ta ce tun 1743 wani likitan Birtaniya mai suna William Hunter ya rubuta haka, kuma har yau ba a fitar da maganin da aka tabbatar yana mayar da wanda ya zaizaye ba. Matakan nan da aka auna ni da su ma, wasu likitoci biyu ne a Manchester, Kellgren da Lawrence, suka tsara su a 1957.

Ni da na ɗauka abin kamar dunduniyar takalmi ne, yawan tafiya ke cinye ta. Ta ce masu bincike sun bar wannan fahimtar. Yanzu suna kallonsa a matsayin ciwon gaɓar gaba ɗaya. Ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin yakan yi kauri ya taurare, tantanin da ya lulluɓe gaɓar yakan kumbura ya tara ruwa, ƙwayoyin halittar guringuntsin da kansu sukan fitar da sinadaran da ke narkar da shi, tsokar cinya kuma ta yi rauni ta bar wa gwiwa kayan duka. Zafin daga ƙashin da tantanin yake fitowa. Ko kitsen jiki, wai ban da nauyinsa, yana fitar da abubuwan da ke hura wutar kumburi. A nan ta kalle ni ta yi shiru, don kilo 94 nake, ga ni ba tsawo. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke da wannan ciwo a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata, miliyan 365 kuma a gwiwa yake. Na ce to, ashe ba ni kaɗai na taka asirin ba.

Abin da ban gane ba, Likita, in ta dama ce ta fi lalacewa a hoto, me ya sa wasu ranakun ta hagu ce ke hana ni barci? Ta ce an daɗe da lura hoto da zafi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. To in haka ne, da wanne ake yanke hukuncin aiki, da hoton ko da abin da nake ji?

Maganar allurar ce ta fi tayar min da hankali. Ta karanto min wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka, aka fitar a 2017. Mutum 140 aka raba biyu, rabi ana yi musu allurar siteroid mai kwantar da kumburi a gwiwa, irin wadda aka yi min, duk wata uku har shekara biyu, rabi kuma ruwan gishiri kawai. A ƙarshe masu allurar gaske guringuntsinsu ya fi raguwa, zafin kuma ba wani bambanci. Tun ranar nake tambayar kaina ko da kuɗina na sayi mataki na 4. Don Allah ka gaya min gaskiya, huɗun nan da aka yi min sun isa su yi wannan ɓarna, kuma an haramta min ita ke nan har abada, ko akwai lokacin da take da amfani? Haka wata ƙawata ke kawo min kwalaben glucosamine masu tsadar gaske, tana cewa suna tsiro da sabon guringuntsi. Autar ta ce an gwada shi a kan mutum fiye da 1,500 a Amurka, aka fitar a 2006, kuma a jimlace bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta rage zafi ba. Kwalba uku na sha, kunyar ƙawar ce ta hana ni dainawa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bayan shekara uku ina jira, an biya ni garatutina. Tun ina ƙaramar malama na yi niyyar kuɗin nan na kujerar Makka ne. Likitan ƙashi kuwa ya ce ta dama ƙarshenta sai an sauya ta da ta ƙarfe da roba, kuma abin da aka lissafa min ba zai bar ragowar da za ta kai ni ko'ina ba. Ɗaya zan iya, ba biyu ba.

Gidan ya rabu uku. Maigida ya ce in tafi, ba wanda aka yi wa alƙawarin baɗi, akwai masu tura keke a Harami, jifa kuma ana iya wakilta wani. Babban ɗana ya ce sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar Mina, ba zai yarda a kai ni a dawo da ni a kwance ba, a fara aiki, in Allah ya hore masa shi zai biya min kujera. Na san zuciyarsa, na kuma san albashinsa. Autar ta ce duk su dakata, a ba ta wata shida. Tana so in riƙa motsa tsokar cinya kullum, in yi tafiya kaɗan-kaɗan a fili mai laushi, in riƙe sanda a hannun hagu saboda gwiwar dama, in rage tuwon dare da lemon kwalba. Wai kowane kilo ɗaya da na sauke, kusan kilo huɗu ne ke sauka daga kan gwiwa a duk taku. Na fara sati uku ke nan, amma in na yi, daren nan gwiwar takan yi zugi, sai maigida ya ce ai ga shi nan, ana fama da abin da ya zaizaye kuma ana ƙara goga shi. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Wane irin zafi ne zan daure masa, wanne ne ke cewa in tsaya? Tunda an hana ni ƙwayoyin nan, paracetamol kuma kamar na sha ruwa, na shafawa irin diclofenac ɗin zai taɓa min ciki da ƙoda shi ma?

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa a gidan ba. Ni ba don in yi yawon biki nake son aikin ba, don sujada nake so. Na ji an ce gwiwar ƙarfe takan yi ƙarko, kusan takwas cikin goma suna kai shekara 25, amma da yawa cikin waɗanda aka yi wa ba sa iya naɗe ƙafa irin zaman tahiya, wasu ma durƙuso na yi musu wuya. In zan ba da kuɗin Makka a yanka ni, in tashi in koma kan kujerar roba ɗin nan dai, gara in sani tun yanzu. Cikin waɗanda ka gani an yi musu, suna komawa sujada kuwa? In kuma na tafi Hajjin a keke na jinkirta aikin shekara biyu ko uku, lanƙwasar ƙafar za ta kai inda aikin zai yi wuya ne?

An ce nan da 'yan makonni za a rufe karɓar kuɗin ajiya na kujera, don haka ina roƙon kar takardata ta daɗe a layi. In za ka amsa, ka yi da Hausa tsantsa kuma a hankali, don ranar zan sa maigida da babban ɗan nawa su zauna kusa da rediyon.

Taka mai sauraro,
wata malama mai ritaya, daga Funtuwa