Amsa Ga Malamin Da Ya Tambayi Wanda Ke Biyana Kuɗin Hawaye

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ban saurari shirinka kai tsaye ba. Wani ɗalibina ne ya turo mini muryarka, na kuma ji ta sau uku don kada in yi maka ƙage. Ka ce tun da na yi rubutu kan cikar shekara 30 da kisan ƙare dangin Ruwanda, to in faɗa wa jama'a inda nake ɓoye alƙalamina idan Musulmi ake yankawa, da kuma wanda ke biyana kuɗin hawayen da nake yi wa Tutsi, ƙabilar da aka yi wa kisan. Ka ƙara da cewa ni ba lauya ba ne, kuma adadin da na kawo akwai ja a kansa.

Biyun ƙarshe ba za su ci mana lokaci ba. Ni ba lauya ba ne, gaskiyarka. Amma yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 sashe 19 ce kacal, a zama ɗaya ake karance ta, ban kuma ga inda aka ce sai mai hular gashi zai taɓa ta ba. Batun adadi kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan. Ɗauki wanda ya kwanta maka.

Maganar biya ce ta tsaya mini a rai. Mutanen da suka karanta ni shekara da shekaru sun san ko na taɓa sayar da bakina, kai ma ka sani, domin ka sha kafa hujja da ni lokacin da maganata ta zo daidai da taka. Na fahimci sabon shiri yana buƙatar masu sauraro, kuma ba abin da ke tara su kamar a ɗaga sunan wani a ce ɗan kwangila ne. Allah ya ƙara kasuwa.

Amma Malam, ka san wa ya riga ka yin wannan tambayar? Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Romeo Dallaire, ɗan Kanada mai jagorantar dakarun wanzar da zaman lafiya a Kigali, ya aika wa hedikwata saƙo cewa ana tara makamai ana kuma rubuta sunayen Tutsi. Aka hana shi kai samame. Da kisan ya ɓarke a 7 ga Afrilu, aka kashe sojojin Beljiyam 10, sai Turai ta turo jirage ta kwashe 'ya'yanta. Mutum wajen 2,000 da suka fake a wata makarantar koyon sana'a a Kigali suna kallo sojojin da ke gadinsu suka tafi, masu adduna suka shigo. A 21 ga wata, ana tsakiyar yanka, gidan rediyon RTLM na kiran mutane kyankyasai, Kwamitin ya rage dakarun daga wajen 2,500 zuwa 270. Jakadan Najeriya na lokacin, Ibrahim Gambari, yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara ƙarfin rundunar, ba a bi ta tasu ba. Amurka kuwa ta yi ta kauce wa furta kalmar kisan ƙare dangi, don kada ta ɗaure kanta. Ba rashin sani ba ne. Sun dubi gawarwakin ne suka tambaya, waɗannan namu ne? Da amsa ta zama a'a, suka nannaɗe tabarma. Ma'aunin da kake miƙo mini ke nan, ka dai juya shi ta wajenmu.

Ka ce ba na magana idan Musulmi ne. Da ka duba kafin ka buɗe makirufo, da ka tarar da abin da na rubuta kan Srebrenica ta ƙasar Bosniya, garin da Majalisar da kanta ta kira tudun mun tsira a 1993, sannan a Yulin 1995 mayaƙan Ratko Mladic, kwamandan Sabiyawan Bosniya, suka ware maza da samari Musulmi kimanin 8,000 suka hallaka su, sojojin Holan na tsaye. Sai 2011 aka kama Mladic. A 2015 Rasha ta hau kujerar naƙi don kada Kwamitin ya kira abin da sunansa. A 2019 kotun ƙolin Holan ta ce alhakin ƙasarta kan mutum wajen 350 da aka kora daga sansanin sojojinta kashi 10 cikin 100 ne. Har jini ma an yi masa kaso.

To bari ni ma in yi tawa tambayar, tun da ka buɗe ƙofa. Ina kake a kan Darfur? Fur da Masalit da Zagawa Musulmi ne, masu salla, da mahaddata a cikinsu. Tun 2003 Janjawid ke ƙona ƙauyukansu. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fitar da sammacin Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a Maris ɗin 2009, cikin watan nan ya sauka a Doha taron ƙasashen Larabawa aka tarbe shi hannu bibbiyu. Tarayyar Afirka ta yanke cewa ba za ta miƙa shi ba. Mu kuma muka yi ta cewa makircin Turawa ne. A 2023 magadan Janjawid ɗin, wato RSF, suka koma garin Janaina na Yammacin Darfur, ƙwararrun Majalisar suka ƙiyasta an kashe tsakanin 10,000 da 15,000. Gwamnan jihar, Khamis Abakar, ya fito a talabijin ya zarge su, cikin sa'o'i aka kashe shi. Ban ji ka ware masa ko minti biyar ba. Da alama Musulmi ba ya cancantar kukanka sai in wanda ya kashe shi baƙo ne. Laifi tudu ne, Malam.

Wannan ne abin da ke ƙona mini rai, ba a kanka kaɗai ba. Muna zagin manyan ƙasashe da son kai, kuma sun cancanci zagin: Amurka ta sha hawa kujerar naƙi kan tsagaita wuta a Gaza, Rasha da Sin sun yi wa Siriya da Myanmar irin wannan rumfar. Amma kowa da nasa shafaffen da mai, har da mu. 'Yan kaɗan da suka fita daga wannan layi ba su tambayi dangi ba. Gambiya, wadda ba ta haɗa iyaka da Myanmar ba, ita ta kai ƙarar Rohingya, Musulmin Myanmar, Kotun Duniya a 2019, bayan sama da mutum 700,000 sun tsere Bangaladash. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya yi shekaru yana gurfanar da makasan Tutsi a kotun Majalisar da ke Arusha, Tanzaniya. Wato a kan gawarwakin da ka ce ba namu ba ne ya koyi aikin da ya kare Rohingya da shi. Ƙarar Gaza kuwa, a Disambar 2023, Afirka ta Kudu ce ta shigar, ƙasar da Musulminta 'yan tsiraru ne. Su wa ya biya su?

Idan kana da rasit ɗin kuɗina, karanta shi a shirinka na gaba, da suna da adadi. Idan babu, ka ware wa Janaina zama guda. Ka gayyace ni, zan zo da takarduna, kuma kuɗin mota ma ba sai ka ba ni ba.

Wassalam.