Masu shirya fim, ku ɗauki sautin turmi da maƙera

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu shirya finafinan Hausa da matasanmu na situdiyo a kan kiɗan da ake sakawa a bayan fim. Ba waƙoƙin rawa nake nufi ba. Ina nufin kiɗan nan da ke tashi idan an shiga fargaba, ko an yi rasuwa, ko ana bin ɓarawo. Yawancinsa daga fiyano yake fitowa, kuma kusan iri ɗaya ne, har mai kallo kan san abin da zai faru tun bai faru ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin kayan aikin da ya fi wannan yana zube a ƙofar gidajenmu.

A 1948 wani injiniyan gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya je tashar jirgin ƙasa a Paris ya ɗauki ƙarar jirage da usur ɗinsu, ya yayyanka, ya maimaita, ya shirya su suka zama kiɗa. Daga baya Ennio Morricone na Italiya ya saka fito da ƙarar bulala da harbin bindiga cikin kiɗan finafinan kaboyi na shekarun 1960, irin waɗanda iyayenmu suka kalla a silima. Har gudun doki ma, a can da ƙoƙon kwakwa ake yinsa a ɗakin ɗaukar sauti.

To mu fa? Duk wanda ya tashi a Argungu ya san lugude. Mata uku a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi ba mai karo da wata, sai ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, bugun bai yanke ba. Kuma sautin kan sauya da kansa: gero na tsaba amonsa daban, idan ya fara zama gari sai ya yi taushi ya nutse. A sa wannan a bayan matar da ke jiran labarin mijinta, ya riƙa sauri a hankali, wallahi sai zuciyar mai kallo ta bi shi. A maƙera akwai numfashin zugazugi da amon guduma kan uwar maƙera. Akwai shantu, akwai ƙwaryar da aka kifa a ruwa, akwai gorunan masunta suna karo da juna ranar bikin kamun kifi a kogin Matan Fada. Kotson da marigayi Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi suna da shi kuwa, ban ga dalilin da zai hana shi ɗaukar fagen fada a fim ba.

Wani zai ce kuɗi. Wayar hannu mai kyau tana ɗaukar sauti, kwamfutar da ake haɗa waƙa da ita kuma tana iya rage gudunsa, ko juya shi baya, ko ɗora wani kan wani. Abin da ake buƙata shi ne kunne da haƙuri, da neman izinin masu sana'ar, a kuma biya su haƙƙinsu, don sautin nasu ne.

Gaggawar da nake ji ita ce injin niƙa ya karɓe aikin turmi a birane, matan da suka iya lugude kuma suna tsufa. Don haka nake kira ga gidajen rediyon Kebbi da Zamfara su tura ma'aikata ƙauyuka su naɗo waɗannan sautuka, a rubuta garin da sana'ar, a buɗe wa masu fim su yi amfani da su. A kuma ajiye kwafi a Gidan Tarihi na Kanta da ke nan Argungu.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Argungu, Jihar Kebbi