Zabaya da sankarar fata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan 'yan uwanmu zabaya. Fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana, shi ya sa sankarar fata ke kama su tun da ƙuruciya, galibi a fuska, kunne da wuya.

A unguwarmu wani yaro zabiya yana tallar ruwan leda da rana tsaka, kai ba hula. Ƙurji ya fito masa a kunne, wata da watanni ya ƙi warkewa, sai man kaɗanya ake shafa masa. Abin yana damuna ƙwarai.

Don Allah iyaye, a sa musu malafa da riga mai dogon hannu. Gyambon da ya ƙi warkewa kuwa, a garzaya asibiti.

Naka,
Mai karatu daga Kano