Kafin a Cire Yaro Daga Seri C, a Fara Buɗe Takardunsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka, da fatan Allah Ya ƙara basira.

Na saurari shirinku na ilimi ranar da wata baiwar Allah ta bugo waya tana neman shawara a kan ɗanta. Yana aji na biyu na lise (babbar sakandare), wato puremiyar, a seri C, ɓangaren lissafi da fizik, kuma lissafi ya sa shi gaba: yau 6 bisa 20, gobe 7. Tambayarta ita ce ta bar shi ya ci gaba, ko ta nemi a mai da shi seri D, ɓangaren kimiyyar halittu. Masu bugo waya suka rabu biyu. Wasu suka ce ya jure, C ba ta ragwaye ba ce. Wasu suka ce ta cire shi tun lissafi bai taɓa masa kai ba. Ina zaune da rediyo a kunne har aka rufe shirin, ban ji wanda ya tambaye ta abin da ke rubuce cikin takardar da aka ba 6 ɗin ba. Ni kuwa da alli na ci abinci har na yi ritaya, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ruwa ba ya tsami banza. Yara uku za su iya samun 6 a jarrabawa ɗaya, amma ciwon kowanne daban.

Na farko shi ne mai rami a tushe. Ɗan ƙanena da ke zaune wurina haka yake. Ya ci birbe, jarrabawar ƙarshen kolej, da maki mai kyau a lissafi, kowa yana ce masa injiniya, amma da ya shiga puremiyar sai ya zube. Na ce ya kawo mini duk takardun da mushensu, wato malaminsu, ya gyara, muka baje su kan tabarma bayan sallar isha'i. Sabon darasin ya gane shi sarai. Inda yake faɗuwa tsofaffin abubuwa ne na kolej. Ka ba shi (a + b)² ya rubuta maka a² + b², ya haɗiye 2ab ko ƙwarewa bai yi ba. Na ce masa ya sa 3 da 2 ya gani: 5 sau 5 ai 25 ne, shi kuwa nasa ya ba shi 13. Ya yi shiru yana kallon takarda. Haka nan in alamar ɗebewa ta zo gaban baka, sai ya canza alamar lamba ta farko ya manta da sauran. Kuskure iri uku ko huɗu ne kawai, su ne suke ta maimaita kansu a kowane shafi, suna cinye masa maki a aikin da ya fahimta. Mako shida muka yi, rabin awa kullum, ba mu taɓa darasin aji ba, tushen kawai muke cikewa. Bai zama na ɗaya ba, amma ya haye 10, kuma ya zauna a C. Da an mai da wannan yaro D da raminsa zai tafi, domin can ma logaritim da lissafin yiwuwa suna jiransa a tarminal, ajin ƙarshe na lise.

Na biyu, Faransanci ne ya kayar da shi, ba lissafi ba. Karanta masa tambayar ka faɗa masa da Hausa abin da ake nema, sai ka ga ya ɗauki biro ya warware. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, mun ji daɗi, amma takardar jarrabawa har yanzu da Faransanci take zuwa. Shi ma wannan canjin seri ba maganinsa ba ne.

Na uku shi ne mai wuyar faɗi, domin ƴata ce. Wanzami ba ya son jarfa. Ita ba ta da rami a tushe, Faransancinta ma ya fi nawa. Tana gane komai, amma a hankali. Abin da aji ya gama a kwana biyu, ita sai ta yi mako, kafin nan an wuce babi na gaba. Seri C kuwa gudu ake yi, balle a shekarar da yajin aiki ya ci makonni, malami yana sauri ya ƙare manhaja kafin watan Yuni. Ta koma kwana kan allo. In an ɗauke wuta ta kunna fitilar waya, a zafin Afrilu na Damagaram da ko mai lafiya barci ke gagara. Uwarta ce ta fara lura. Ta ce mini, "Malam, yarinyar nan fa ta daina cin tuwon dare, kuma ban ƙara jin dariyarta ba." Na ce gajiya ce, za ta wuce. Gaskiyar magana, kunya nake ji a ce ƴar mushen lissafi ta bar C. Me zan ce wa abokan aikina a majalisa?

Abin da ban duba ba shi ne sauran darussanta. Kimiyyar halittu da take so tun tana ƙarama ta sauko, tarihi ya sauko, har Faransancin, saboda duk lokacinta lissafi ya cinye, kuma bai biya ta ba. A nan ne iyaye da yawa ba su san yadda ake haɗa muwayen, wato matsakaicin makin duk darussa, ba. Kowane darasi yana da nauyinsa, abin da muke kira kwafisiyan, kuma a C lissafi da fizik su ne masu nauyi. Mu ɗauka, don misali kawai, nauyin lissafi 5 ne, yaro ya sami 6. Saura 4 ya kai 10, to 4 sau 5, bashin maki 20 ke kansa. Kafin ya biya sai ya ci 15 a darussa biyu masu nauyin 2. Idan waɗannan darussan ma suna zubewa, da me zai biya? Ƴata ta maimaita aji. Sai a lokacin na sauke girman kai, muka zauna ni da ita da uwarta, na tambaye ta abin da take so, tambayar da ya kamata in yi shekara guda kafin nan. Ta ce, "Baba, ni dama aikin asibiti nake so." Ta koma D, ta ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, yanzu tana karatun lafiya. Shekarar da ta rasa ni na jawo mata.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake yi a gudu daga C ba. Kowace shekara masu zana bak na C ƴan kaɗan ne in aka kwatanta da na A da D, kuma ƙasar nan tana buƙatarsu. Matatar man SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, makarantar EMIG ta injiniyoyi tana Yamai, ita kanta jami'ar Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni. Idan duk wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya aka janye shi, wa zai koyar da jikokinmu lissafi? Na ga yaran da aka cire da wuri don kawai uba ya tsorata da makin farko, alhali makin farko a C yakan yi ƙasa har ga masu ƙoƙari. Sai dai D ma ba wurin hutu ba ne, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Da bak na D ake shiga karatun likita da na noma, ga sashen kimiyyar lafiya nan a Jami'ar André Salifou, cikin garinmu.

Saboda haka, Hajiya mai tambaya, in kina saurare: ki sa yaron ya tattaro takardunsa uku ko huɗu na baya, ki kai wa malaminsa, ko wani ɗalibin jami'a na unguwarku. Kada ki tambaya ko yaron yana da ƙoƙari, za a ba ki amsar ladabi. Ki ce a nuna miki da yatsa inda yake faɗuwa, kuma kuskuren iri ɗaya ne ko kullum sabo. In iri ɗaya ne, ku ba shi wa'adi na mako shida zuwa takwas a gyara wannan kaɗai, kafin ki zuba jikkunanki wurin mai darasin gida da zai sake karanta masa abin da aka yi a aji. Ki kuma duba barcinsa da cin abincinsa da makin sauran darussa. In wa'adi ya cika lissafi bai motsa ba, sauran kuma suna bin sa ƙasa, ki je makaranta ki ga shugabanni a kan batun canji, kada ki bari sai ya kai tarminal. Wanda ya shiga D a makare yakan tarar an yi masa nisa a kimiyyar halittu. Kuma ki tambayi yaron shi kaɗai, ba gaban babansa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a sake kawo wannan shiri wajen watan Mayu, domin a ƙarshen ajin sigond, wato ajin farko na lise, ne ake raba yara zuwa C da D, a nan ne zaɓin ya fi sauƙi da arha. A gayyato malamin lissafi da na kimiyyar halittu, a kuma ba ɗalibai biyu makirfo, wanda ya zauna da wanda ya canza. In ana buƙatar tsoho mai allo, gidana ba nisa da fadar Sarki.

Wassalam.

Naka mai saurare,
Tsohon malamin lissafi,
Unguwar Birni, Damagaram