Masu koyar da noman naman kaza ku daina mantawa da ma'aunin zafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, don Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da noman naman kaza, wato laimar kwaɗin nan da ake ci wadda yanzu matasa da matan aure suka fara nomawa a cikin gida, musamman irin da ake ce ma oista. Sana'a ce mai kyau wallahi, bata buƙatar gona, ɗaki ɗaya ma ya isa, kuma kayan da ake shukawa a ciki abubuwa ne da muke zubarwa ko mu cinna musu wuta, karan shinkafa ne, totuwar masara ce, garin katako ne na wajen 'yan katako. Yadda ake koyar da ita ne yake damuna. Za a tara mutane a karɓi kuɗin horo, a sayar musu da kwalbar iri da leda da robar ɗauri, a nuna musu yadda ake cusa kaya a leda, amma da an zo maganar dafa kayan sai kawai kaji ance "ku barshi ya sha wuta sosai". To sosai ɗin nan nawa ne? Da wuya kaji an ce ma mutum ya sayi ma'aunin zafi, balle a koya masa yadda zai gane ma'aunin nasa gaskiya yake faɗa ko ƙarya, alhali a ganina daga nan ne asarar mutane da yawa take farawa.

Dalilin dafa kayan tun farko shi ne karan nan ko totuwar nan cike suke da ƙwayoyin funfuna da ƙwayayen ƙwari da ƙananan tsutsotsi waɗanda ido baya gani, kuma dukkansu abincin da naman kaza yake so shi suke so. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba a so a kashe komai da komai. Idan kara ne aka jiƙa a ruwan zafi, abin da ake nema shi ne zafin ya tsaya tsakanin digiri 60 da 80 a ma'aunin Selshiyos na tsawon awa ɗaya zuwa biyu, ni dai nafi son in tsaya tsakanin 65 da 75 don in samu tazara ta kowane ɓangare. A wannan zafin masu ɓarna suna mutuwa, amma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu jure zafi da suke rayuwa, basa cutar da naman kaza, kuma zamansu a cikin kayan yana hana funfuna samun wuri da sauri. Idan zafin bai kai 60 ba, koren funfunar nan da masana ke kira Trichoderma zata tsira, bayan kwanaki kaɗan kaga leda ta fara kore. Idan kuma ka wuce gona da iri ka tafasa karan ya yi laushi ya cika da ruwa, ka kashe masu gadin kenan, kai kuma ɗakinka ba dakin gwaje gwaje bane, ƙura na shiga iska na shiga, duk ƙwayar funfunar da ta fara sauka ita ce mai gida. Wannan dabara ba sabuwa bace, tun wajajen shekarun 1860 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ɗumama abu zuwa wani mizani ba tare da tafasawa ba yana hana shi lalacewa, kuma har yau kamfanonin madara da ita suke aiki, digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Zafi da lokaci tare suke tafiya, ba a raba su.

Sai dai a nan akwai wani ruɗani da nake yawan gani. Garin katako da aka haɗa da dusar alkama ko ta shinkafa aka ɗura a leda lissafinsa daban ne da na kara. Dusa abinci ce mai ƙarfi, funfuna na sonta ƙwarai, don haka irin wannan ledar sai dai a turara ta a duro na awanni masu yawa, ko kuma a saka ta a tukunyar firesha wadda take kaiwa digiri 121. Duron da bashi da firesha kuwa ko itacen duniya ka zuba masa bazai wuce zafin tafasar ruwa ba, shi yasa ake biyan bashin da tsawon lokaci. Mutum sai yaji awa ɗaya a bakin mai kara ya je ya yi ma ledar dusa awa ɗaya, ya za a yi ta yi kyau?

Babban abin da nake so mutane su riƙe shi ne wurin da ake auna zafin. Duk macen da ta taɓa yin alala a leda ta san bayanta na iya daskarewa tsaf amma in ka fasa tsakiyarta ruwa ne tsululu. Haka ledar garin katako take, kai tama fi, don garin katako da kara basa saurin barin zafi ya ratsa su. Tururi na iya fita ta murfin duro da ƙarfinsa, ruwan ƙasa na ta tafarfasa, amma ledar da ke tsakiyar jerin ko 50 bata kai ba. Saboda haka agogo baya fara lissafi daga lokacin da aka hura wuta, baya farawa daga lokacin da tururi ya fito, yana farawa ne daga lokacin da tsakiyar kayan ta kai zafin da ake so. Abin da nake yi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne ka sadaukar da leda guda ɗaya, ka huda ta ka soka tsinken ma'aunin har cibiyarta, ka ajiye ta a tsakiyar sauran inda zafi yafi wahalar kaiwa. Idan kuma jiƙo ne a ruwan zafi, ruwan da ke kusa da wuta daban na gefe daban, kuma cikin buhun karan daban, sai ka juya ruwan ka auna wuri biyu uku har da cikin buhun kafin ka yarda. Kada tsinken ya taɓa ƙarfen duron, zafin ƙarfe zai baka ba na kaya ba.

Mu da muke aiki da itace ko gawayi kuma sai an yi haƙuri, wuta bata da makunni. In jiƙon kara ne, da ka ga zafin ya kusa 75 ka janye itacen, ka rufe duron ka lulluɓe shi da tsohon bargo ko buhunan algarara, duro cike da ruwa yana riƙe zafi sosai, kana lekawa lokaci lokaci, in ya gangaro kusa da 65 ka mayar da ɗan garwashi. Lokacin hunturu iska na saurin kwashe zafin don haka a nemi lungu. Kuma wannan hanyar tana rage cin itace ma, ga shi yanzu itace da gas duk sun yi tsada.

Yanzu maganar ma'aunin kansa. Na asibiti wanda ake sakawa a hammata daga 35 zuwa 42 kawai yake aunawa, bashi da aiki a nan. Bindigar nan da ake haska goshi da ita wadda ta cika gari lokacin korona a 2020 ita ma don zafin jiki aka yi ta, kuma ko irin ta masana'antu ce fatar abu kawai take karantawa, bata ganin ciki, tururi ma ruɗa ta yake. Na gilashi mai ruwan zaiba a ciki don Allah a nisanta shi da duro, in ya fashe guba ce ta shiga abin da mutane zasu ci, dole a zubar da kayan gaba ɗaya. Wanda ya dace shi ne mai dogon tsinken ƙarfe irin na masu girki da gashin nama, ko mai lambobi a gilashi ko mai hannu kamar agogo. Mai hannun yana so tsinken ya nutse kamar tsawon ɗan yatsa kafin ya faɗi gaskiya, mai lambobin kuma batir in ya yi sanyi ko tururi ya shiga kansa sai ya fara shirme. Taɓa ruwa da hannu kuwa ba awo bane, 55 zai ƙona ka 70 ma zai ƙona ka, hannu bazai bambance maka su ba, kuma tsakanin waɗannan biyun ne riba da asara suke.

Kuma sabon ma'auni daga kwali ba hujja bace cewa daidai yake. Gwajinsa bashi da wuya, ko sisi baya ci sai kuɗin ƙanƙara. Ka fasa ƙanƙara ƙanana ka cika kofi da ita, ka zuba ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, ka juya, ka tsoma tsinken a tsakiya ka jira minti biyu uku, ya kamata ya nuna 0. Sannan ka gwada shi a ruwa mai tafasa. To a nan ne nake so 'yan Arewa su buɗe kunne, don abin da aka koya mana a makaranta cewa ruwa na tafasa a digiri 100 gaskiya ne amma a bakin teku, kamar Legas. Duk hawan da ka yi na kusan mita 300 sama, zafin tafasa na raguwa da kusan digiri ɗaya. A Kano wajen 98 da 'yan kai ruwa ke tafasa, a Jos da take sama da mita 1,200 wajen 96 ne, a Gembu kan tsaunin Mambila kuwa wajen 95. Ka ɗauki mutumin Jos da ya tsoma ma'auninsa mai lafiya yaga 96, ya ce ai ya lalace, ya murɗa notin da ke bayansa har ya nuna 100, to daga ranar ma'aunin zai riƙa ƙara masa digiri 4 akan gaskiya, yana ganin 62 yana murna alhali kayansa na 58. Idan ka gwada kaga naka ya kauce da digiri ɗaya ko biyu, ka rubuta a salatif ka manna a jikinsa ka riƙa cirewa ko ƙarawa. In ya wuce haka, ko yau ya faɗi wannan gobe ya faɗi wancan, ka canza shi kawai. Kuma duk ranar da ya faɗi ƙasa a sake gwadawa.

Akwai kuma masu koyo daga bidiyon Amurkawa, su da Faranhait suke lissafi. In kaji Ba'amurke ya ce 160 to wajen 71 yake nufi a namu, 140 ɗinsu shi ne 60 ɗinmu. Wanda bai san haka ba zai yi ta zuba itace yana jiran 160 a ma'aunin Selshiyos, lambar da ruwa a buɗaɗɗen duro bazai taɓa kaiwa ba, har karan ya dahu ya koma kamar ganyen miya. A duba harafin da ke jikin ma'aunin, C ne ko F, yawancinsu akwai ɗan maɓalli na canzawa.

Bayan an sauke ma aikin ma'aunin bai ƙare ba. Iri abu ne mai rai, in ka zuba shi a kaya mai zafi ka kashe shi, sai tsakiyar kayan ta sauko ƙasa da 30 tukuna, ba bayan ledar ba, tsakiyar. Farin zaren da irin oista ke fitarwa a cikin leda yafi bazuwa da kyau tsakanin 24 da 28, kuma yayin da yake bazuwa shi kansa yana fitar da ɗumi, cikin leda kan fi ɗakin zafi da 'yan digirori. To ka duba Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da zafi ke haura 40, a ɗaki mai rufin kwano, an jibge ledoji kan juna. Wanda zai fara a irin waɗannan garuruwan gara ya fara da damina ko da sanyi, ya kuma rataye ma'auni a ɗakin.

Abin da yake ƙona min rai shi ne waɗanda abin yake faɗawa. Mace ta ɗauki adashenta ta sayi iri, saurayi ya ranto jari wajen yayansa, sati biyu ledoji sun koma kore da baƙi suna wari, sai a ce mai iri ne ya cuce su, wasu ma su ce kambun baka ne, daga nan an bar sana'ar kenan ana faɗa ma kowa cewa naman kaza baya yi a Arewa. Eh akwai iri mara kyau a kasuwa, akwai ƙazantar hannu da ta ɗaki, ban musa ba. Amma wanda bai auna zafi ba bashi da hanyar da zai san wanne ne ya kayar da shi, zai sake sayen iri a wani wurin ya sake maimaita abu ɗaya. Da ace yana da ɗan littafi yana rubuta ƙarfe nawa tsakiya ta kai 65, ƙarfe nawa ya sauke, nawa ta nuna lokacin zuba iri, da ko mai koyar da shi ya kira a waya zai iya gano masa inda matsalar take.

Don haka ina kira ga masu bada horo su saka ma'auni mai tsinke a cikin kayan da suke ba ɗalibai, su kuma yi gwajin ƙanƙara da na tafasa a gabansu a ranar horon, minti goma ya isa. Cibiyoyin bincike da suka daɗe suna aiki akan naman kaza irin su FIIRO da ke Oshodi a Legas da NIHORT da ke Ibadan, da malaman gona na jihohinmu, ina roƙon su fitar da wannan bayani da Hausa, a takarda da rediyo, tare da zafin tafasar ruwa na manyan garuruwanmu. Kai kuma ranka ya daɗe, ina roƙon shafinku na noma ya nemo masani daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu a tattauna da shi akan wannan, a buga lambobin ɓaro ɓaro yadda mai ƙaramin jari zai yanke ya manna a bangon ɗakinsa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ma jaridar nan ɗaukaka.

Naku mai karatu kullum,
Wani mai noman naman kaza daga Zariya, jihar Kaduna