Wasiƙa daga Southampton: tuta ce alƙali

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Ya damina?

Ka tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a garin nan. To, tseren jiragen ruwa ne, irin waɗanda iska ke turawa, ba inji. Kusa da mu akwai garin Cowes, a tsibirin Wight, inda ake wannan gasa tun 1826, kuma har gobe da igwa ake sallamar jirage.

Jirgin iska ba doki ba ne da za ka ja masa linzami ya tsaya a layi. Kai-komo suke ta yi a bayan layin, kowa na lissafin yadda zai iso daidai lokaci. A dokar duniya, saura minti 5 ake ɗaga tutar rukunin da zai tashi, a busa ƙaho sau ɗaya. Saura minti 4 a ɗaga wata shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya, ana kiranta P. Saura minti 1 a sauke ta da doguwar busa. In aka sauke tutar rukuni, tsere ya fara.

Abin da ya burge ni shi ne, doka ta ce da tuta ake ƙirga lokaci, ko igwa ta ƙi tashi babu ruwan kowa. Da dalili kuwa: sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa guda, wanda ke can ƙarshen layi sai an jima ƙarar ke isa kunnensa. Mai jiran kunne an bar shi a baya.

Wanda ya yi azarɓaɓin tsallake layi, farar tuta mai shuɗin gicciye za a ɗaga masa, ya koma ya sake. In masu laifin sun yi yawa har ba a gane su ba, busa biyu, kowa ya dawo. Idan alƙalai suka gaji sai su fito da baƙar tuta. Duk wanda ya ƙetare a mintin ƙarshe an kore shi, babu sauraren uzuri. Ni dai ina ganin wannan ta yi tsauri, don wani lokacin igiyar ruwa ce ke ingiza mutum.

Ka gaishe min da Malam da mutanen majalisa. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Amininka